Anti, kukan da nake yi yana ƙara mini sankarar?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jega, shekaruna 39, 'ya'yana huɗu. Wata uku ke nan da aka ɗebi tsoka a mamana na hagu, aka tabbatar mini sankara ce. An sa mini kemo sau biyu, saura huɗu, daga nan sai aiki. Gashin kaina ya zube tas. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in daina kuka, in saki raina, wai damuwa ce ke sa ciwon ya bazu. Da rana ina daurewa saboda yara, da dare kuwa idona biyu har kiran asalatu. Anti, kukan nan yana ƙara mini ciwon? Kuma ina mutum zai samo ƙwarin gwiwa a irin wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Bari in fara sauke miki kayan da 'yan dubiya suka ɗora miki a ka. Kuka ba ya ƙara sankara. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake sa wa mata kemo, wato maganin sankara da ake ƙarawa ta jijiya, na ga masu barkwanci tun daga ƙofa, na ga waɗanda hawaye ke bin kuncinsu tun kafin in sami jijiya, kuma maganin bai taɓa bambanta su ba. Masana ma sun bi wannan magana shekara da shekaru, suna kwatanta masu fara'a da masu yawan damuwa, ba su sami hujjar cewa murmushi na rage ƙari ko hawaye na watsa shi a jiki ba. Abin da ke yanke hukunci, bayan ikon Allah, shi ne irin sankarar, da matakin da aka same ta, da kuma ko an kammala magani ko an tsaya a hanya.

Masu ce miki ki daina kuka ƙauna ce ta kawo su, kada ki riƙe su a rai. Sai dai sun bar ki da ciwo biyu: ga na jiki, ga kuma zargin kai, cewa in abu ya ɓaci ke kika jawo da tunaninki. Wannan na biyun ki ajiye shi yau. Ko ta fuskar addini ba a ce haƙuri shi ne bushewar ido ba. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa da baƙin cikinsa, kuma shi ne dai mai kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. To ke wace ce da za a hana ki? Ki yi kukanki, ki wanke fuska, ki sha maganinki a kan lokaci.

Inda damuwa take cutarwa da gaske wani wuri ne daban, kuma nan nake so ki sa ido. Idan ta hana mace cin abinci har jininta ya yi ƙasa aka ɗage mata kemo, ko ta sa ta cewa "na gaji, ba zan koma ba", to ta yi ɓarna. Shi ya sa rashin barcinki ya fi kukanki damuna.

Akwai abin da wataƙila ba a gaya miki ba. Cikin magungunan da ake haɗawa da kemo don hana amai akwai dexamethasone, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ake ba ku ku sha kwana biyu ko uku bayan ƙarin ruwan. Halinsa ne hana barci, ya sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, mutum ya ji kamar an tsikare shi. Mata da yawa sukan ɗauka imaninsu ne ya yi rauni, alhali ƙwaya ce. Ki lura ko rashin barcin ya fi tsanani a kwanakin farko bayan kemo. In haka ne, ki tambayi likitanki ko za ki riƙa shanye shi da safe zuwa azahar maimakon dare. Kada dai ki daina shi da kanki. In kuma abin ya zarce mako biyu a jere, ba barci, ba sha'awar abinci, ba sha'awar ko da hira da yaranki, ko kina jin gara ma mutuwar ta zo, wannan ya tashi daga baƙin ciki ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ki faɗa a asibiti kai tsaye. Na san abin da mutanenmu ke tsoro, da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai su ce za a kai su asibitin masu taɓin hankali na Kware. Ba haka ba ne. Sau da yawa zama ne da mai sauraro da ɗan magani na wasu watanni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a aika yaro kemis ya sayo maganin barci, don wasu magungunan damuwa ba sa jituwa da tamoxifen, wani maganin sankarar mama, wanda mai yiwuwa shi za ki sha nan gaba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Ni a ganina ƙwarin gwiwa ba wani yanayi ba ne da ake matsa wa zuciya ta shiga. Matan da na ga sun tsaya da ƙafafunsu, kusan dukansu abu ɗaya ya haɗa su: sun san inda suke a cikin tafiyar. Duhu shi ke ƙara wa dodo girma. Mace ta ji kalmar "daji" kawai, ba ta san irinsa ba, ba ta san ranar gamawa ba, dole duk dare ta riƙa hango likkafani.

To mu kunna fitila. Kemo shida, kowane bayan mako uku. Kin yi biyu. Huɗun da suka rage, in jini bai ja an ɗage ba, ba su kai cikakken wata uku ba. Ki sami kalanda ki rataye a ɗaki, ki zagaye ranakun, kowane ya wuce ki soke shi da biro. Su kansu makonni ukun suna da tsari. Kwana uku zuwa biyar na farko su ne na tashin zuciya da ɗacin baki da kasala. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, sukan yi ƙasa sosai. A wannan tsakanin ki rage shiga taro, mai mura ya gaishe ki daga bakin ƙofa, kuma in zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafi, ko kika ji sanyi yana kaɗa ki, asibiti za ki nufa a daren, ba Panadol ba, ba kuma "bari gari ya waye" ba. Wannan ita ce doka ɗaya da ba na sassautawa a kanta. Mako na uku kuwa naki ne. Jiki yakan dawo, baki ya buɗe. Nan za ki ajiye duk abin da ke faranta miki: zuwa gidanku, barka, ɗan girkin da kike marmari. Idan rana ta uku ta kwantar da ke, ki tuna ba ciwon ne ke cin ki ba, maganin ne ke aiki, kuma kin san ranar da zai sake ki.

Jan ruwan nan da ake turawa a jijiya, doxorubicin, shi ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Farce da tafin hannu, wani lokaci har harshe, sukan yi baƙi, su kuma washe bayan an gama. Gashi yakan fara tsirowa wata ɗaya zuwa uku bayan kemo na ƙarshe, da fari laushi kamar na jariri. Mutane sukan ce ai mu da sauƙi tunda muna da ɗankwali da hijabi. Gaskiya ne a waje, amma madubi yana cikin ɗaki, kuma macen da ta saba zama gaban makitsiya duk mako biyu ta san abin da ta rasa. Ki yi kwalliyarki yadda kika saba, ki sa kwalli, ki yi turare in ƙamshin bai tayar miki da zuciya ba. Lalle ma ki yi a ƙafa, sai dai ki bar mana bayan hannu fili don mu ga jijiya.

Abu na gaba, ki san sunan abokin faɗanki. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Tsokar da aka ɗiba ana yi mata gwaji uku, ER da PR da HER2. In ER ko PR ya nuna akwai, ma'ana ƙarin yana cin abinci ne daga sinadarin mace na jiki, sai a toshe masa hanya da ƙwaya ɗaya a rana, irin su tamoxifen, shekara 5 zuwa 10, kuma ba ta da tsada in an kwatanta da sauran. In HER2 ne akwai allurarsa ta musamman, trastuzumab, mai aiki ƙwarai amma mai tsada, yawanci ta shekara guda. In duka ukun babu, kemo shi ne babban makami, kuma irin wannan sau da yawa yakan ji kemo sosai. Ki tambayi likita wanne ne naki, kuma mataki na nawa ne. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Fara miki da kemo kafin aiki ma ba alamar an makara ba ce, dabara ce ta a ƙanƙantar da ƙarin, a kuma ga yadda yake jin magani.

Na san abin da ke zuwa miki da dare: fuskokin waɗanda kika sani da suka yi wannan ciwo suka tafi. Ba zan ɓoye miki ba, a 2022 an ƙiyasta mata sama da 32,000 ne suka kamu a Najeriya, kimanin 16,000 kuma suka rasu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da 90 cikin 100 suna nan da ransu shekara biyar bayan gano ciwon, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Ciwo ɗaya ne, magungunan ma kusan ɗaya ne. Abin da ya raba shi ne yawancin matanmu sai ƙari ya fashe ya zama gyambo suke zuwa, bayan an sha jiƙo, an yi tsaga, an yi sakiya, sannan da yawa daga cikin waɗanda suka fara magani ba sa kai shi ƙarshe. Akwai kuma wani dalilin da ya sa ba ki jin labarin waɗanda suka warke: ɓoyewa suke yi. Wadda ta rasu duk gari ya ji, wadda aka cire wa mama shekara takwas da suka wuce tana nan tana sayar da atamfa a unguwarku, hijabi ya rufe, ko maƙwabciyarta ba ta sani ba. Ranar kemo ki roƙi nas ta haɗa ki da ɗaya daga cikin masu zuwa bibiya. Minti goma da irin wannan mata ya fi wa'azin 'yan dubiya ɗari, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Kuma ko da mace ta ji an ce nata ya kai mataki na huɗu, ba a naɗe tabarma. A nan ba a cika maganar warkewa ɗungurungum ba, gaskiya ke nan, amma ana riƙe ciwon da magani, wasu shekaru masu yawa, kuma zafi yana da magani har zuwa ruwan mofin da ake bayarwa a manyan asibitoci. Na ga wadda ta aurar da 'ya'ya biyu a wannan hali.

Ga inda na fi jin tsoro, kuma daidai nan kike. Tsakanin kemo na biyu da na huɗu ne muke rasa mata. Ƙarin ya motse, hannu ba ya jin sa, jiki kuma ya gaji, kuɗi sun yi ƙasa. Sai wata gwaggo ta zo da labarin mai magani a wani ƙauye wanda ke "fitar da shi ba yanka". Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Bayan kemo na uku ƙarinta ya ɓace a hannu, murna ta sa har da su alkaki ta kawo mana. Ba mu sake ganinta ba sai bayan wata goma sha ɗaya, an riƙo ta, ciwon ya shiga ƙashin baya. Da ta cika ukun nan ta yi aiki, Allah ne masani, amma da labarin ya fi haka daɗi. Ƙari ya ɓace a hannu ba ya nufin ya ɓace a jiki. Addu'a, tofi, ruwan zamzam, sadaka, duk ki riƙe su da kyau, ba su taɓa karo da kemo ba. Amma duk abin da za a jiƙa a sha ko a shafa ko a tsaga, ki kawo mu gani tukuna, don hanta da ƙoda suna cikin aiki mai nauyi yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba za mu yi miki faɗa ba.

Maganar kuɗi kuwa, ita ce rabin rashin barcin yawancin matan da nake gani, ko ba su faɗa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sa maigidan ko wani ɗan'uwa mai tsayuwa ya zauna da likita da mai ba da magani, a rubuta kiyasin duk abin da ya rage: kemo huɗu, gwajin jini kafin kowanne, aiki, sannan gashin na'ura, wato gasa wurin ciwon da haske mai kashe ƙwayoyin sankara, in an ce za a yi. Shi gashin ba a kowane asibiti ake yi ba. Mafi kusa da ku shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ta hanyar Tambuwal, sai kuma Zariya da Abuja. Yakan ɗauki mako uku zuwa biyar, Litinin zuwa Juma'a, don haka masauki ma abin lissafi ne, kuma a riƙa yin waya kafin a kama hanya. Da wannan takarda a hannu za a tara dangi, kowa ya ɗauki abin da zai iya, wannan kemo na huɗu, wancan kuɗin mota. Mutane sun fi ba da hannu in sun ga adadi da rana. Ki kuma je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitinki ki tambayi Asusun Tallafin Masu Sankara na gwamnatin tarayya, wanda aka fara da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana cikin na farko da aka fara da su. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda ta daɗe tana aikin sankara a jihar nan ta Kebbi, ita ce ma aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC. Ba na yi miki alkawarin za a samu ko'ina aka ƙwanƙwasa, amma neman taimako a kan wannan ba bara ba ne, zakka ma ta halatta a nan.

Ba ki ambaci maigidan ba, ni kuwa zan ambace shi, don na san abin da ke cin mata a rai game da aikin da ke tafe. Ana tsoron wuƙa, amma an fi tsoron a zama "mai mama ɗaya", a ga miji ya ja baya ko a ji maganar ƙarin aure. Na ga mazan da suka ba da kunya, ba zan musa ba. Na kuma ga da yawa da shirunsu tsoro ne kawai, ba su san me za su ce ba, wasu ma suna zaton ciwon ana ɗauka. Ba a ɗauka. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a shimfiɗa ɗaya, ki rungumi yaranki. Ki ja shi ya shiga wurin likita tare da ke ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa. Namijin da aka ba aiki a hannu, riƙe fayil, karɓo sakamakon jini, lissafin ranaku, ya fi wanda aka bari a waje yana jiran labari. Abu ɗaya da za ku kiyaye shi ne ciki: kada a ɗauka ana cikin kemo, ko da al'ada ta ɗauke, kuma ba da ƙwaya ko allura ko ashanar hannu ba, don duk suna da sinadarin da ba a so a wannan ciwo. Ku nemi shawara kan hanyar da ba ta da shi. Bayan aiki kuma, tela mace za ta iya ɗinka aljihu a cikin rigar mama a cusa auduga mai laushi, in ciwon ya warke a sami na roba. Ba mai ganewa.

Yara sun riga sun san akwai wani abu, kunnuwansu sun fi namu. Ki gaya musu daidai hankalinsu: Mama tana da ciwo a ƙirji, maganin yana da ƙarfi shi ya zubar da gashi, zai dawo, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba sai kin riƙa yi musu dariyar dole ba. Su gan ki kin gaji yau, gobe kin tashi kin dama musu kunu, wannan ya fi kwantar musu da hankali. 'Yan'uwanki mata kuma ki sanar da su, tunda ya same ki kafin shekara 40. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na gado, amma su riƙa duba kansu, su je a duba su.

Abinci ba wani sirri a ciki. Ki ci abin da ya shiga, kaɗan-kaɗan sau da yawa: wake, ƙwai dafaffe, kifinmu na Yauri da Argungu, zogale, kunun gyaɗa. Citta tana rage tashin zuciya. Nonon talla da ba a tafasa ba da ɗanyen ganye ki bar su a makon da jini ke ƙasa. Ruwa kuwa ki sha da yawa, kin san zafin garin nan. In azumi ya riske ki cikin magani, Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame, ki rama daga baya. Sannan tafiya: minti 20 zuwa 30 kina zagaya tsakar gida bayan la'asar. Abin kamar wasa, amma a cikin duk abin da aka gwada don rage kasalar kemo, kaɗan ne suka kai shi, kuma yana taimakon barci.

'Yan dubiya kuma ki naɗa musu mai tsaron ƙofa, yayarki ko wata aminiya mai baki. Ita za ta ce "tana barci", ita za ta katse mai labarin wance da ta rasu da irin wannan. Wanda ya ce me zai yi miki, kada ki ce ba komai. Ki ce ya kai yara Islamiyya, ko ta yi miki tuwon dare ranar Laraba.

Kafin kemo na uku, ki yi gwajin jininki kwana ɗaya kafin ranar don kada ki yi tafiyar banza, ki kuma rubuta tambayoyinki a takarda, don da an shiga gaban likita sukan gudu: irin sankarar, matakinta, maganar dexamethasone, da ko aikin na cire duka ne ko na cire ƙarin kaɗai. In kin dawo ki rubuto mini abin da ya ce game da ER da HER2 ɗin, sai mu yi maganar motsa hannu bayan aiki da yadda ake kiyaye shi daga kumburi. Ki gaida maigidan da yaran.